Kukan sitiyari da famfon da na saya a banza

Da farko na ɗauka sauro ne ya kwana a cikin motar. Asubahin wata Litinin ce a watan Disamba, hunturu ya sauko Kumasi, hazo ya rufe Aboabo har ba ka hango ƙarshen layi. Na tayar da mota zan tafi Ejura ɗauko masara, ina murɗa sitiyari don in fita daga lungunmu sai na ji wani siririn kuka daga cikin bonet, wiiiii. Na saki sitiyarin, ya ragu. Na sake murɗawa, ya dawo. Kafin in wuce Tafo in kama hanyar Mampong inji ya ɗauki zafi, kukan ya yi ƙasa, ni ma na mance da shi.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Japan, mai shan dizal. A nan pikap muke cewa, mahaifina ne kawai, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda ya kira irinta da wani suna ba sai a-kori-kura. Da ita nake ci da iyali: masara daga Ejura, doya daga Techiman, wani lokaci tumatir daga Akomadan. Shekara bakwai muna tare, na san duk wani ƙara nata kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta. Wannan kuwa baƙo ne.

Cikin mako biyu sauro ya zama injin markaɗe. Kukan yana bin totur, in na taka ya ɗaga murya, in na saki ya sauko. In kuma na karya kwana, ko ina ribas a kasuwa da buhu goma sha biyu a baya, sai ya koma gurnani, sitiyarin yana ɗan karkarwa a hannuna. Maiɗakina ta ce tun ina bakin titi take sanin na dawo, yara su ruga su buɗe ƙofa. Ita abin dariya ta ɗauke shi. Ni kuwa duk sanda na tuna gangaren Mampong, da kwanoninsa, da lodi a bayana, sai cikina ya ɗuri ruwa.

Abin da kowa zai fara yi shi na yi. Na buɗe murfin kofin man sitiyari, na ga ya ɗan sauka, na sayi kwalba ɗaya na cika. Kwana biyu shiru-shiru, ran na uku kuka ya dawo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji ya kwana, da safe na ɗauko shi fes. Amma jikin kofin kansa jiƙe yake sharkaf, kamar man yana tumbatsa ta murfi. Na ce a raina ni ne na cika shi da yawa. Ashe amsar ce take kallona, ni ne ban gane ta ba.

Sai na koma kan bel, wato madaurin roba da inji ke juya famfon tura man sitiyari da shi. Wani direba a tashar lodi ya ce mini bel ne ya saki, in ja shi. Na kwance noti na ja shi har ya yi tauri kamar tsirkiyar baka. Kuka bai ko gezau ba. Daga baya ne na san bel in ya saki ƙara yake yi mai kaifi, ƙiiii, kamar an taka wutsiyar kyanwa, ba wannan dogon kukan ba. Na kuma san jan da na yi masa ba ƙaramar cuta ba ce ga boris ɗin famfo.

A nan ne na yi asarar kuɗi. Akwai wani matashin fita, wato makanike, a kusa da mu, yaron kirki, yakan canza mini baƙin mai da birki. Ya tsaya a gaban bonet bai fi minti ɗaya ba, ya ce, "Yaya, famfo ne ya mutu. A sa wani kawai." Maganar ta shige ni, don daga famfon kukan yake fitowa, ko kurma ya ɗora hannu a kai zai ji. Washegari na nufi Magazin.

Wanda bai san Kumasi ba, Magazin a Suame take, kan hanyar da ke fita zuwa Offinso da Techiman har Tamale. Sunan ya samo asali ne daga rumbun ajiyar makamai na sojan Turawan mulkin mallaka, wanda masu gyara na farko suka zauna kusa da shi. Sana'ar ta tashi ta koma Suame, suna ya bi ta. Yau gari ce guda ta ƙarfe da baƙin mai. Layin masu inji daban, na masu giya daban, ga masu walda, ga masu fenti, ga masu zuba narkakken ƙarfe, ƙasar wurin kanta ta yi baƙi ƙirin da man shekaru. Daga Burkina, daga Mali, daga Nijar ana kawo motoci. In aka ce ba a samu abu a Magazin ba, to ka haƙura ko ka tafi Abossey Okai a Accra ka gwada sa'a.

Na sami famfo hom-yus, wato wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a ƙasar waje. Mai shagon Ba'asante ne, ya juya fulin, wato faifan da bel ke hawa, da yatsa ya ce, "Kramo," haka suke kiran Musulmi, "dubi, kamar sabo." Da ya faɗi kuɗin sai da na dafe ƙirji, miliyan goma sha biyar. Mutanen Magazin har yau da tsohon lissafi suke ciniki, ko da yake tun 2007 aka yanke sifiri huɗu daga kuɗin Gana, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya. Wato sidi 1,500 yake nufi. Muka ja muka ja, ya rage kaɗan, ya ɗiga wa famfon jan fenti don shaida, ya ce in bai yi ba in dawo da shi cikin kwana uku.

Yaron ya ɗaura, ya zuba mai, aka tayar. Wiiiii. Muryar ba ta ko canza ba. Ya ce iska ce, in yi ta yawo za ta fita da kanta. Na yi yawon kwana biyar, har Techiman na je na dawo, iska ba ta fita ba, wa'adin kwana uku kuma ya wuce.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigilar goro zuwa arewa kafin idonsa ya raunana. Yanzu yana da ɗan shagon batir da fitilu a Asawase. Da na kai masa kuka bai ce mini komai ba sai da ya gama alwala. Sannan ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya gaya maka mai kuka shi ne mai laifi? Gobe ka je wurin abokina a Magazin, ka ce ni na aiko ka. Kuma in ka je ka rufe bakinka, kada ka ce masa famfo ne ko bel ne."

Dattijon ɗan Zango ne, ya haura sittin, gajere, da hular saƙa da ta sha mai. Yaransa Masta suke ce masa, ni na kira shi Baba. Rumfarsa ba ta da allo ko suna. Bayan gaisuwa, da tambayar lafiyar Kawu, sai ya jero mini tambayoyi kamar a asibiti. Yaushe ya fara? Da safe ya fi ko da rana? Yana bin totur? Hagu da dama duk ɗaya ne? Wane mai nake zubawa? A nan na ɗan yi in'ina, don gaskiyar magana ita ce duk abin da ya zo hannu. Akwai ranar da yaron motata ya zuba baƙin mai na inji a Ejura don babu wani, ni kuma na ce ai mai mai ne.

Bai yi mini faɗa ba. Ya nuna mini murfin kofin, ya goge shi da tsumma, ga rubutu nan ɓaro-ɓaro, Dexron. "Jan man giya mai canza kanta, shi wannan motar take so. Shekara bakwai kana buɗe murfin nan ba ka taɓa karanta shi ba?" Ya ce gara ma baƙin mai. Da man birki aka zuba, da duk robobin ciki sun kumbura sun ruɓe, da yanzu maganar akwatin sitiyari muke yi. Ya ƙara da cewa ba kowace mota ke shan wannan jan ba, wasu nasu daban ne, shi ya sa ake rubutawa.

Sai ya sa aka cire bel ɗin famfo, wanda a motata nasa daban yake, aka tayar da inji na ɗan lokaci. Tsit. Ya ce to, altaneta mai cajin batir da sauran masu juyawa sun fita daga zargi, don boris ɗin altaneta in ya fara ci shi ma kuka yake mai kama da wannan, kuma mutane da yawa sun sayi famfo a kan laifinsa. Ya juya fulin da hannu, ya girgiza shi, babu wasa, babu gurzawa. Aka mayar da bel, ya danna tsakiyarsa da babban yatsa ya harare ni. Ya sassauta shi har yana ɗan lotsawa kamar faɗin yatsa.

Aka sake tayarwa. Ya ɗauki dogon sukudireba, ya ɗora bakin a jikin famfo, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Can ya buɗe murfin kofi inji na aiki, ya haska da fitilar waya, ya yafito ni.

Abin da na gani ba mai ba ne. Kumfa ce, ruwan hoda mai duhu, kamar an kaɗa sobolo, wato zoɓo, da madara, ƙananan ƙwayoyin iska suna ta tasowa suna juyawa. Ya ce a kashe inji in ci gaba da kallo. Ana kashewa man ya taso a hankali, ya cika kofin, ya fara gangarowa ta baki. Ga jiƙewar da na yi ta gani ina cewa ni na cika da yawa.

"Ɗana, famfonka yunwa yake ji, iska yake haɗiya," in ji shi. Ya yi mini bayani da hannu a kan tiyo. Tiyon da ke fita daga famfo zuwa akwatin sitiyari, mai kan ƙarfe da aka matse da inji, shi ke ɗauke da ƙarfin. Iskar taya ba ta wuce fam 35 ko 40, amma abin da ke cikin wannan tiyon yakan haura 1,000 in ka murɗe sitiyari har ƙarshe. Shi in ya huje kowa zai gani, feshi zai yi. Amma wannan mai kaurin, wanda ya sauko daga kofi zuwa bakin famfo, ba tura mai ake yi a cikinsa ba, zuƙa ake yi. In ya sami ƙofa ba ya zubar da mai waje, iska yake ja ciki. Shi ya sa kwalina ya kwana a bushe. Iskar ta shiga famfo, a matse ta, ta fashe, a matse ta, ta fashe, sau dubbai a minti guda, wannan ne kukan. In an kashe inji kuma matsin ya sauka, iskar ta buɗe ta turo mai waje.

Don in gani da idona, ya lakato giris ya shafe wuyan tiyon da inda bututun ya shiga famfo, ya lulluɓe wurin kaf. Aka tayar. Bai ɗauki minti biyu ba kukan ya fara sauka, bai mutu duka ba amma ya koma rabi. Na tsaya baki buɗe. Giris na sidi nawa?

Da aka zare tiyon, ya miƙo mini. Ya ƙandare kamar busasshen rake, na lanƙwasa shi kaɗan sai ga tsaga-tsaga a ƙarƙashin inda kilif ya kama. Zafin inji na shekaru ne ya dafa shi. Yaron unguwarmu ya cire shi daga tsohon famfo ya mayar a kan sabo, har ma cirewar ta ƙara buɗe tsagar. A bakin famfon kuma akwai wata 'yar roba mai kamar zobe, ita ma ta baje ta daina kamawa.

Na ɗauka an gama, sai Baba ya ce a kwance kofin gaba ɗaya. Ban taɓa sanin akwai rariya a gindinsa ba. Wata siririyar raga ce, daga sama ba ka ganinta saboda mai. Ya juye kofin ya ɗaga shi sama saitin rana, haske ba ya ratsawa sai ta wani ɗan gefe. Sauran duk baƙin dafi ne ya toshe, kamar ƙanzon tukunya, garin roba da ƙonannen mai da ƙurar hanyar da ke shiga duk lokacin da na buɗe murfi ban goge ba. Ya ce wannan ne uban tafiyar. Rariya ta toshe, famfo yana zuƙa da ƙarfi bai samu, sai ya nemi ta inda ya fi sauƙi, ya samu a tsagar tiyo. Da sanyin asuba kuma mai ya yi kauri, roba ta ƙara tauri, shi ya sa hunturu ne ya tona asirin.

Wankin kofin ya ci kusan awa guda. Wani yaro ya zuba fetur ya girgiza ya zubar, ya sake, ya sake, har sau shida ko bakwai kafin abin da ke fitowa ya daina baƙi. Aka hura masa iska a hankali don kada ragar ta yage, aka ajiye shi a rana ya bushe sarai. Ni kuma aka aike ni sayen tiyo da roba da kilif biyu da jan mai lita uku. Baba ya ja mini kunne kada in yarda a ba ni tiyon ruwa na lagireto don girmansu ɗaya, mai yana narka shi ya yi laushi ya shaƙe. Sai da na shiga shago huɗu kafin na sami na mai.

Fitar da tsohon man ba wuya, haƙuri kawai yake so. Aka ɗaga gaban motar da jak har tayoyi biyu suka bar ƙasa. Ƙaramin tiyon da ke dawo da mai kofi aka zare, aka zura bakinsa a cikin gorar ruwa, aka toshe gurbinsa. Inji a kashe. Ni ina ciki ina juya sitiyari daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, sannu-sannu, yaro ɗaya yana zuba sabon mai kada kofin ya ƙafe, Baba yana kallon gora. Abin da ya fara fitowa baƙi ne mai warin ƙauri, kamar ruwan kwata. Ya koma ruwan ƙasa, ya koma ja mai duhu. Sai da kusan lita biyu suka wuce ya fito ja garau, ya ɗaga hannu.

Aka mayar da tiyo, aka cika, aka ce in ci gaba da juyawa, har yanzu inji a kashe. Na tambaya me ya sa ba za a tayar ba a huta. Ya ce in aka tayar da iska a ciki, famfo zai kaɗa ta ta zama kumfa, kumfa kuwa sai ta ga dama take kwanciya. Amma in da hannu ne, iskar manya-manya take fitowa. Haka kuwa aka yi, ina juyawa ina jin kofin yana ɓul, ɓul. Na ƙirga har sau talatin, kafaɗuna suka gaya mini. Sannan aka tayar na 'yan daƙiƙu aka kashe, aka duba, aka ƙara mai. Da ya ga 'yar kumfa ta taso sai ya ce a bar ta, mu je masallaci.

Muka yi Azahar, na saya mana shinkafa da wake a wurin wata Hajiya da ke bayan rumfar, abincin da mutanen gari suka mayar da sunansa waakye. Muna ci ne ya tambaye ni yadda nake fita daga lungunmu. Na ce sai na murɗe sitiyari har ya tsaya, in riƙe shi a nan in yi baya. Ya ajiye cokali. Ya ce duk lokacin da na danne shi a ƙarshe, man ba shi da wurin zuwa, famfo yana aiki da iyakar ƙarfinsa, mai yana dahuwa. In ya kai ƙarshe in ɗan sako shi kaɗan, kada in riƙe ya wuce daƙiƙa biyar. Shekara bakwai kullum safe da yamma abin da nake yi ke nan.

Da muka dawo man ya kwanta, ja, har kana hango ragar a ƙasa. Aka sauke jak, na tayar. Ƙarar dizal kawai, kaf-kaf-kaf ɗinta da na sani. Na murɗa hagu, na murɗa dama, sitiyari yana bin yatsa. Na fita na zaga ta shataletalen Suame na dawo, aka buɗe murfi, babu ƙwayar kumfa.

Saura maganar famfo biyu. Tsohon yana bayan mota a cikin buhu, na ɗauko masa. Ya buɗe shi a kan benci, ya zaro 'yan faranta na ƙarfe da ke zamewa a cikin ramukan abin juyawar, ya shafa cikin zoben da suke gogawa da farcensa. Santsi, babu kurji, babu tudu. Ya ce lafiyarsa ƙalau, in da na ƙara wata biyu ko uku a haka ne iskar za ta cinye shi. Ya ba da shawarar a mayar da nawa, tunda an san tarihinsa, amma rana ta yi, ni kuma ban da ƙarfin sake juya sitiyari sau talatin. Muka bar na hom-yus a jiki. Kuɗin aikinsa da tiyo da roba da mai duka ba su kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na biya a famfo ba. Na ƙara wa yaran na koko.

Na koma wurin mai shagon ko zai karɓi tsohon nawa ya rage mini zafi. Ya yi dariya ya ce babu jan fentinsa a jiki. Gaskiyarsa.

Yanzu mako shida ke nan. Na hau Mampong na sauko ban san adadi ba, kowace Juma'a kafin in tafi masallaci nakan goge murfin in buɗe in leƙa. Yaron unguwarmu har yanzu shi ke canza mini baƙin mai. Na kai masa tsohon tiyon ya lanƙwasa da hannunsa, ya daɗe yana kallon tsagar.

Tsohon famfon kuwa yana shagon Kawu a Asawase, an wanke shi an ɗaure a leda, yana jiran mai saye. Mutum biyu sun zo tambaya, dukansu motarsu na kuka. Na farkon na ce ya buɗe murfi mu gani tukuna, muka tarar da kumfa, ya tafi neman tiyo. Na biyun altaneta ce. Kawu ya ce in dai ina zuwa shagon, famfon nan sai dai jikokinsa su gada.